Kokowar Bakin Iyaka

Rani guda cur Kawu ya yi yana kayar da ni kafin ya nuna mini ko kamu ɗaya. Kullum in an sauko daga la'asar sai ya tasa ni gaba zuwa yashin ƙoramar da ruwa ya janye, ya tuɓe taguwa ya rataya a kalgo, ya ce, "Taho." In taho da iya ƙarfina, sai dai in ji ni a ƙasa, baki cike da yashi. Ya ce, "Tashi." In tashi, in sake komawa inda na fito. Shekaruna ba su wuce goma sha biyu ba. Abin da ya sa na riƙe lokacin, shekarar ce aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, wato 1973, kuma ita ce shekarar da fari ya koro mutanen arewa da ragowar dabbobinsu suka cika bakin Kwara.

Ranar da abin ya ishe ni na fashe da kuka, na ce ni kokowa na zo koyo, ba shan ƙasa ba. Kawu, yayan mahaifiyata ne, bai lallashe ni ba. Ya ce, "To mi kaka tsammani ita ce kokowar? Wanda bai iya hwaɗuwa ba, ranar da anka kada shi wuyanai ka karyewa." Ashe duk ranin nan karatu nake ɗauka ban sani ba. Jikina ya koyi naɗe haɓa a ƙirji, ya koyi kada a tokare ƙasa da tafin hannu, ya koyi sauka a kan gefen kafaɗa da sakin numfashi kafin baya ya taɓa yashi. Na ga ƙarti da yawa da suka fi ni ƙarfi sun bar fage da karyayyen hannu saboda ba wanda ya ɓata rani guda a kansu.

Mu a Kurgu da sauran ƙasar Bagudo kokowa muke cewa, Kanawa su ce kokawa. Wasan manoma ne. Dambe na rundawa ne, su ke naɗe hannu da zare, su ke da kalangu, kuma mu ma muna jin daɗin Ɗan Anace in ya ɗauko waƙar Shago a rediyo, amma ɗan manomi da ya naɗe hannu sai an tambayi uwarsa ko lafiya. Namu ganga ce, ita ce dai gangar da ake kaɗa wa gayya da damina.

Wannan haɗi na gona da fage shi ne abin da yaran yanzu ba su gane ba, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Abin da suke kira motsa jiki mu ba mu san shi da suna ba, aiki muka sani. Wata huɗu kana duƙe a kan galma kana huɗa, ka yi noman fari, ka yi maimai. Gadon baya da cinya a nan suke ginuwa. In kaka ta yi ka ɗauko damin gero daga gona har bakin rumbu, ka sunkuya ka cilla shi sama ga wanda ke jira a kan tsani. Wannan cillawar ita ce cicciɓar da za ka yi wa ƙato a fage, bambancin kawai shi dami ba ya harɗe ka. Ranar gayya kuwa dattawa na zaune a inuwa suna kallon wa ya riga kai kunyarsa ƙarshen gona, kuma tun a nan ake sanin waɗanda gari zai tura bana. Kawu yakan ce wanda bai fid da kunyarsa a gona ba, ba shi fid da garinsu kunya a fage.

Abin da ya ƙara mini a kan aikin gona kaɗan ne. Turmin gidanmu, wanda mata biyu ke ɗauka, sai in rungume shi in zagaya tsakar gida har hannu ya mutu. Yumɓu jiƙaƙƙe, in yi ta matsa shi don yatsu. Ɗan maraƙin maƙwabcinmu Bafillace, in kama ƙahonsa mu yi ta turereniya har ɗayanmu ya gaji, kuma yawanci ni ne. Abinci fura da nono da safe, tuwon dawa da dare, kifi in an samu. Sai da na shekara biyu a haka sannan aka fara nuna mini taɗiya da harɗiya da yadda ake shiga ƙarƙashin mutum a kama kwankwaso.

Lokacin wasa sananne ne. Sai gero ya shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, wata ya yi fari. Sarkin samari ya aika goro wani gari, in sun karɓa sun amsa ke nan. Baƙi su iso da la'asar da makaɗinsu, a rarraba su gidaje, a ci a sha, kuma abin kunya ne baƙon kokowa ya kwana da yunwa a garinku ko da shi ya kayar da gwaninku. Bayan isha'i a share dandali, jama'a su yi da'ira, yara su fara, samari su biyo, manyan ƙarti sai dare ya raba. Ba sikeli, ba agogo. Ka fito da walkinka da layunka, makaɗi ya ɗauko takenka, ka yi kirari, ka zagaya, ka tsaya gaban wanda kake so ka miƙa masa hannu biyu. In mutanensa sun ga bai kai ba, su riƙe shi su ba da haƙuri, ba laifi ba ne. In an kama kuwa, sai wani ya taɓa ƙasa da abin da ba tafin ƙafa ba, ko dattawa su ga an daɗe su raba. Ladan kaye goro ne da ɗan ƙyalle da turare, wani lokaci zakara, rago sai a babban taro. Ladan gaske yana can gefen da 'yan mata ke tsaye suna tafi. Aure da yawa a garuruwanmu daga bakin fage aka fara maganarsa, har da nawa.

To garuruwan da muke aika wa goron nan, rabinsu a takarda wata ƙasa ce. Illo da ke nan ƙasarmu tsohon gari ne, ɗaya daga manyan masarautun Bargu tare da Busa da Nikki, waɗanda ke danganta asalinsu da Kisra. Ta wajen Illo fatake ke ƙetare Kwara in sun fito daga Kano da Sakkwato da Jega, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja su ɗauko goro, wasu su ratse su sayi gishirin Foga a wajen Gaya. A 1894 Lugga na Ingila da wani kyaftin ɗin Faransa mai suna Dekur suka yi tseren isa Nikki don neman sa hannun sarki, Lugga ya riga da 'yan kwanaki. Rigimar ba ta kwanta ba sai ranar 14 ga Yunin 1898, da Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka raba ƙasar. Aka ja layi daga bakin kogi, mil goma a sama da mashigar Illo, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, daga baya kuma Turawa suka haɗa Illo da Gwandu. Layin bai tambayi kowa inda ƙanwarsa ke aure ba. Kyangawa suka kwana rabi nan rabi can, haka Dandawa, haka Busawa, haka Fulani da shanunsu.

Goron kokowa bai san da wannan layi ba. Kawu ya yi wasa a ƙauyukan Segbana da na Malanbil tun kafin a haife ni, kuma har ya rasu in zai ambaci ƙetare cewa yake yi "Faranshi", ko ya ce Dahome, duk da an sauya wa ƙasar suna zuwa Benin tun 1975. A fage guda za ka ji Hausa da Dandanci da Kyanganci da Fillanci, wani bai jin wani, amma ba a taɓa neman tafinta ba. Ganga na faɗa wa kowa wanda ya fito, ƙasa kuma ta faɗi wanda ya faɗi.

Shekarar 1975 ɗin ce ta kawo canjin da ya fi na sunan ƙasa taɓa mu. Gwamnatin Seyni Kunce a Nijar ta shirya gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya a Tawa, aka sa takobi a matsayin lada, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, ana zagayawa da shi jiha-jiha. Muna zaune gindin rediyo guda mu ashirin muna kama Muryar Sahel, muna jin Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, Sagalo na zuba musu waƙa. Mu da ke kusa da Gaya, Doso muke goyon baya kamar jiharmu. A yau jihohi takwas na Nijar kowace na tura mutum goma, ƙarti tamanin ke nan, a fili mai zagaye da buhunan yashi, da alƙalin wasa da usur da agogo, shugabanni na zaune a rumfa. Filin Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Kawu bai taɓa yarda da tsarin ba. "Kokowa da agogo? Kokowa da usur? Wanga ai ƙwallo na." Ni na saɓa masa a nan, ko da yake ban faɗa a gabansa ba. Gaskiya ne agogo ya koya wa wasu noƙewa, mutum ya yi ta ja da baya yana jiran lokaci ya cika. Amma ƙasar da ta sa sunan ɗan kokowa a kan gini ta gaya wa ɗan manomi cewa abin da ya iya abin daraja ne. Mu a gefen Najeriya babban fagenmu shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, inda ake sa kokowa da dambe cikin wasanni. Kwana kaɗan ne a shekara, kuma bayan na 2009 ba a sake yi ba sai 2020. Shekara goma sha ɗaya ai rayuwar ɗan kokowa ce sukutum, daga fitowarsa har ajiye walkinsa.

Kakar 1985 ita ce wadda ba na mantawa. Ruwa ya dawo bayan shekarun wahala, gero ya yi, mutane na neman abin da za su yi murna da shi. Goro ya zo mana daga wani ƙauye a ƙetare, kusa da Madekali. A lokacin iyaka na rufe, tun Afrilun 1984 da gwamnatin Buhari ta rufe ta, kuma ba a buɗe ba sai 1986. Mu dai ba mu ga ƙyauren da aka rufe ba. Mu bakwai da makaɗinmu muka bi 'yar turbar da iyayenmu mata ke bi in za su biki.

Ina da shekara ashirin da huɗu, kaka uku ba wanda ya kai ni ƙasa a yankinmu, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Da dare ya raba na fito na yi kirarin da ya fi bakina, sai wani gajere daga cikin Dandawa ya taso ya miƙo mini hannu. Na fi shi tsawo da kai guda. Aka ce mini masunci ne. Na yi dariya a zuci, don ban san abin da na sani yanzu ba: ƙarfin manomi a baya da cinya yake, shi ya sa muke son ɗauka, amma wanda ya tashi a tsaye cikin kwalekwale yana tura gwangwala yana jan taru, nasa ƙarfin a tafin ƙafa da wuyan hannu yake, kuma ƙasa mai motsi ita ce gidansa.

Muka zagaya juna muna bugun hannu. Sau biyu na kai masa taɗiya, sau biyu na tarar ƙafar ba ta nan. Can sai na ga ya ɗan ɗaga gwiwar hannu, hanya ta buɗe, na nutse na cafke kwankwasonsa na yi sama da shi. Fage ya ɗauki ihu, makaɗinmu ya juya kiɗa zuwa takena, har na fara tunanin inda zan ajiye shi. Yana sama sai na ji ƙafarsa ta hagu ta laulaye bayan gwiwata ta dama, ya kwanto da jikinsa gefe kamar mai karkata jirgi. Ƙarfin da na ɗauke shi da shi, shi ya tafi da ni. Na faɗi yadda Kawu ya koya mini, wuya ya tsira, amma nauyin mutum biyu ya sauka a kafaɗa guda, ta goce.

Shi ya fara ɗaga ni. Gidansu aka kai ni, mai ɗori ya mayar da ƙashi a daren, abokan tafiyata suka koma da safe suka bar ni. Kwana tara na yi. Mahaifiyarsa ba ta jin Hausa sai 'yan kalmomi, ni ba na jin Dandanci, amma safe da yamma za ta zo da ruwan zafi da man kaɗe ta gasa mini kafaɗa tana cewa "Sannu, ɗana," ni kuma ina cewa "Na gode, Inna," iyakar hirarmu ke nan. An ba shi jaka biyu ta sefa ladan kaye, ranar da zan tafi ya danƙa mini ɗaya ya ce in sha ruwa a hanya. Na ƙi, ya ɓata rai, na karɓa.

Da na dawo gida gari ya ɗauka cewa asiri aka yi mini. Wasu suka ce sun ga ƙaho a ɗamararsa, wasu suka ce an binne wani abu a fagen. Ni ma na so in yarda, don ya fi daɗin ji. Kawu ya sa na kwatanta masa yadda aka yi sau uku, sannan ya ce, "Asirinai jirgi na. Kai ko girman kai ya kada ka." Ba wai Kawu bai yarda da layu ba, shi ya ɗaura mini kambuna na fari da guru, kuma ba ɗan kokowar zamaninmu da zai rantse bai sha rubutu ko ya yi wankan sassaƙe ba. Amma ban taɓa ganin laya ta tsayar da wanda ƙafarsa ta bar ƙasa ba. Da wa'azi ya yawaita a garuruwanmu aka fara sukar wasan saboda layun da kiɗan da cakuɗuwar maza da mata, na kwance nawa na ajiye, ban ji na rage komai ba. Wani malami da na tambaya ya ce mini ita kokowar kanta ba a hana ba, ya kawo labarin Rukana, gwanin kokowar Makka da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kayar. Da wannan na ci gaba har na haura arba'in.

Ni da masuncin nan mun sake gamuwa sau huɗu. Sau ɗaya na kayar da shi, shi ma daga baya na ji da zazzaɓi ya shigo fage. Muka zama aminai, yana aiko mini da busasshen kifi, ina aika masa da gero, ɗana na biyu sunansa ya ci. Duk haɗuwarmu sai na ce, "Aboki, nuna mini harɗiyar nan." Ya yi dariya ya ce, "In na nuna maka, da me zan ci abinci?"

Yanzu na haura sittin. Gwiwar hagu na gaya mini zuwan hunturu kafin kowa ya sani, yatsa guda ya ƙi miƙewa, kafaɗar nan kuwa ba na kwanciya a kanta. Duk da haka in na dawo daga asuba nakan rungumi turmi in ɗaga sau uku, matan gida na dariya. Jikokina da abokansu na zuwa in koya musu, kuma suna da son abin, sun san duk kayen da Isaka Isaka na Doso ya yi har ya ci takobi sau shida, suna nuna mini a waya suna mayar da shi baya. Matsalar a jikinsu take. Maganin feshi ya ɗauke noman fari da maimai, shanun huɗa sun ɗauke galma, babur da amalanke sun ɗauke dami daga kai. Ba na zargin kowa, ni ma feshin nake yi, wa zai ƙi sauƙi? Sai dai bayan da bai duƙa wata huɗu ba, dole a nemo masa wani aikin, shi ya sa nake sa su jan ruwa a rijiya da guga biyu da gudu cikin yashi, abin da Kawu zai ji ya riƙe baki. Wasan dare ma ya ja baya, don halin tsaron da ake ciki ya sa ba kowane gari ke son taro bayan isha'i ba. An koma yin sa da la'asar, ranar kasuwa ko bayan salla. Wanda kuma na ji ƙishin-ƙishin yana haɗiyar ƙwaya don ƙarfi, ba ya sake taka mini yashi.

Harɗiyar kuwa sai da aka sake rufe iyaka a 2019 na same ta. Sunan jikan masuncin aka yi, na bi turbar nan tamu a bayan babur. Bayan an ci an watse ya kama hannuna ya ja ni bayan rumbu, mu biyu tsofaffi cikin manyan riguna, ya waiga ya ga ba kowa, ya ce, "Ɗauke ni." Na ce, "Aboki, da wane bayan?" Ya ce in kama kwankwason kawai. Na kama. Sai na ji abin da ban ji ba a daren can saboda ihu da ganga: kafin ƙafar ta motsa, hannunsa na dama ya riga ya danne gwiwar hannuna ya manne ta da haƙarƙarinsa, ta yadda ko na so sakinsa ba hali. Ɗaga gwiwar hannun da ya yi tun farko ma da gangan ne, shi ya gayyace ni in ɗauke shi. Ya ce, "Ƙafar ai kowa na ganinta. Shekara talatin da huɗu kana kallon ƙafa."

Na dawo da ita gida kamar wanda ya tsinci kuɗi. Makon jiya na sa babban jikana ya kama kwankwasona don in gwada a kansa. Hannun ya yi daidai, sarai yadda aka nuna mini. Da na zo ɗaga ƙafar hagu sai gwiwa ta ce ba da ita ba, muka zube tare a yashi, yaron na tambaya ko na ji ciwo.